Jiƙon Mama Gbolahan

"Ciki ne da ita! Na rantse ciki ne!"

Muryar Yewande ce, 'yar aminiyar Mama Gbolahan, wadda ita aka so saurayina Gbolahan ya aura tun farko. Ni kuwa ina durƙushe a tsakar gidansu a Ibadan, ina kelaya amai a gaban dattawa takwas, ranar da ya kawo ni gaisuwa.

Fuskata ta ɗau zafi kamar garwashi, zuciyata na dukan tara-tara. Kunyar ta fi ciwon.

Laifina ne. Kwana biyar ana yi min allurar sefoperazon saboda ciwon mafitsara, jiya aka gama. Likita ya ja kunnena: ko ɗigon barasa kada ya shiga bakina sai bayan kwanaki. Na ɓoye wa kowa, har Gbolahan. Budurwa da ciwon mara? Na san abin da bakin mutane zai mai da shi.

Ɗazu da muka iso, Mama ta ga na rame, ta ɗauko kwalbar jiƙon saiwoyinta. Tun daga warinsa na san da barasar ogogoro ta jiƙa shi. To wa ya isa ya mayar da hannun uwar miji a ranar farko? Na karɓa da hannu biyu na shanye.

"Labake, zuciyata, dube ni..." Gbolahan ya tallabo kaina. "Me ke damunki?"

"Tambaye ta wata nawa ne!" in ji Yewande.

Mama ta gyara ɗaurin gwaggwaronta. "Ba dai a gidana ba."

Nan na ga aurena yana sulalewa. Na zaro katin asibiti na miƙa masa.

"Karanta musu... duka."

Ya karanta da ƙarfi, har sunan ciwon da gargaɗin barasa. Na rufe ido.

"Barasa kuma?" Mama ta zabura. "Magani na ba ta!"

Baba Gbolahan ya yi gyaran murya. "Uwargida, da me kike jiƙa maganin?"

Mama ta dubi kwalbar jiƙonta, ta dafe kai.

A asibiti aka sa min ruwa. Gbolahan ya ƙi kallona.

"Kin gwammace ki mutu da ki faɗa min?"

"Na ji tsoron ka guje ni..."

"Don ciwon fitsari? Haba, Labake! Wallahi kin raina soyayyata."

Kafin la'asar Mama ta shigo da kwanon koko, babu Yewande a bayanta. Na yunƙura zan durƙusa, ta danne kafaɗata.

"Kin san da ogogoro a ciki, kika sha?"

"Ba zan iya ƙin hannunki ba, Mama."

Ta daɗe tana kallon allurar da ke hannuna. Sai na ga hawaye.

"Na kusa kashe amaryar ɗana, sannan na tsaya ana yi mata ƙazafi." Ta juya wajen ɗanta. "Kai kuma ka tsaya kamar gunki! Je ka ce wa ubanka ya sa rana."