Fuskar Tanimu a Bakin Buta

Kyamarar nan da ake kira Sannu-Sannu tana maƙale a bangon tsakar gida, tana ɗaukar Tanimu yana alwalar la'asar. Aikinta shi ne ta ja lokaci, ƙiftawar ido ɗaya ta koma doguwar kallo. Da ita matarsa Tasalla, gwanar fasahar bidiyo, take cin abinci a birnin Sabon Tudu, inda jirage ke yawo tsakanin benaye babu direba.

Tanimu fa shugaban ƙungiyar ma'aikatan lantarki ne, a da bakinsa ba ya shiru a kan gwamnati. Bara ya ɓace. Da ya dawo sai ga shi ya yi ƙiba, yana ta fara'a, wai kwas aka tura shi. Siyasa kuwa ko a jikinsa. Tasalla ta ji daɗi, wallahi ta ji, don gidan bai taɓa samun kwanciyar hankali irin wannan ba.

Amma da ta buɗe hoton a allo, sai ta ga wani abu dabam. Ruwa na taɓa fuskarsa ya ɗauke numfashi, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, idanunsa suka fito kamar na wanda ake dannawa cikin randa. Kafin ido ya kama, murmushi ya rufe komai.

An daɗe ana raɗe-raɗin wata na'ura mai suna Goge-Zuciya, wadda ake sa wa fursunonin siyasa kafin a sake su. Tana bin ƙwaƙwalwa ta share duk abin da ya faru a tsare, ta dasa labari mai daɗi. Masu ƙera ta sun manta jiki ma yana da nasa tunanin.

Tasalla ta zaga gidajen sauran 'yan kwas, matansu suka ari kyamarar. Duk fuska iri ɗaya!

"Maigida, zan haska fuskarka a jikin tankin ruwan gari," in ji ta. "Ina tsoron abin da zai taso maka."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Haba uwargida, ba ki gaji da fuskar nan ba? Haska mana, kowa ya ga kyau."

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, fuskoki suka bayyana a jikin tankin, babu sauti, babu rubutu, sai ruwa da firgici. Duk mai alwala ya gane abin da yake gani: da ruwa aka azabtar da mutanen nan. Jama'a suka ƙi watsewa har sai da aka buɗe ɗakunan tsare mutane da aka daɗe ana zargin suna ƙarƙashin ma'aikatar tace ruwa, fursunoni suka fito tun ba a goge musu tunani ba.

Wani tsoho mai ɗingishi ya ratso taro ya rungume Tanimu. "Kai ne kake shafa mini ƙirji duk sa'ad da suka dawo da ni a jiƙe!"

Tasalla ta zuba ido, tana jiran mijinta ya rushe. Ina! Fara'arsa na nan daram.

"Baba, ka yi haƙuri, ban san ka ba," in ji shi.

Amma tuni hannunsa ya hau ƙirjin tsohon yana shafawa a hankali. Tanimu ya dubi hannun, ya dubi matarsa.

"Tasalla, me ya sa nake kuka?"