Wanda Ya Buga Mini Mota

Taki na ɗauko daga Ikara a ranar, buhu goma sha biyu, zan kai gida Dandamisa. Ba tafiya ce mai nisa ba. Da motar lafiyarta ƙalau, da a masallacin ƙofar gidanmu zan yi magariba.

Sunana Saminu. Motar tsohuwar a-kori-kura ce, ni da ƙanena Sadiƙ muka haɗa ƙarfi muka saya. Shekara goma sha ɗaya muna cikinta tare. Shi ne direba, ni ne mai lodi da taɓa inji idan ta yi gardama. Rake, tumatir, masara, har bijimai biyu mun taɓa kaiwa Kudan a bayanta. Wata biyar kafin wannan rana zazzaɓi ya kwantar da Sadiƙ, kwana huɗu, Allah Ya karɓi abinSa. Sai tuƙi ya dawo kaina, lodi ma yana kaina, ga gidansa ga nawa. Ga kuma tsohuwarmu, Inna Hajo, wadda ta haifi maza uku, ni kaɗai na rage mata. Tun rasuwar ba ta sa tuwo a baki sai ta ji ƙarar motata a ƙofar gida.

Na gaji a lokacin. Ba irin gajiyar da barci ke magani ba.

Da safen ranar na biya garejin Zulkifilu a Makarfi ya ɗaure mini birki. Tun ban kashe motar ba ya fara girgiza kai.

"Malam Saminu, tun daga bakin titi nake jin tarin tsohuwar nan taka. Ko asibiti za mu kai ta?"

"Ta saba," na ce.

Bai kula ni ba. Ya ɗaga bonet, ya sa sifana ya kwance fulogi ɗaya, ya miƙo mini har gaban hanci. Baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Dubi bakinsa, duk ya cinye. Da safe sau nawa kake bugawa kafin ta tashi?"

"Huɗu. Wani lokaci biyar."

"Mai fa?"

"Tana sha."

"In ka hau tudu tana fizga?"

Na gyaɗa kai.

"To alamu sun cika. Fulogi in ya kai nan ya wuce wanki, canji yake so. In ka bar shi, kwayil yake ba wa wahala, tunda shi ke turo masa wuta. Naka ma ga shi nan ya fara tsagewa. Ranar da ya ɗauki zafi zai yanke maka wuta a inda ko kare ba ya bi."

"Bayan kasuwa zan canza."

"Kasuwa uku ke nan kana faɗa mini haka. Wai ma yaushe rabon da a canza su?"

"Sadiƙ ne ya ɗaura su," na ce.

Gaskiya ce. Kusan shekara biyu ke nan, lokacin ina fama da karkare a yatsa, shi ya sayo su ya ɗaura da hannunsa, yana tsokanata wai yau bakanike ya zama ɗan kallo. Duk abin da ke cikin injin nan hannuna ne, ban da waɗannan huɗun.

Zulkifilu ya dube ni, ya mayar da fulogin a hankali.

"Allah Ya jiƙansa. Amma ƙarfe bai san zumunci ba, Malam."

A Ikara aka ɓata mini lokaci. Ruwa ya sauko da azahar, masu lodi suka fake, ba mu gama ɗaure tamfol ba sai bayan la'asar sosai. Don in rage hanya na bar titi, na bi wata burji da ta ratsa fadama. Rake dama, rake hagu, ya fi mutum tsawo. Ba gida, ba rumfa.

Ta fara fizga a wata gangara. Na ƙara totur, ta yi tari sau biyu, ta mutu. Ta ɗan gangara da kanta ta tsaya. Gaba kaɗan, ta hannun hagu, akwai tsohon rami inda aka taɓa haƙar ƙasar hanya. Damina ta cika shi fal, ruwan ja, ba ya motsi.

Na buga sau shida. Inji na juyawa, ba ya kamawa.

Rana ta riga ta faɗi, saura jan nan da kan rage a sama. Na duba waya, ba sabis. Na zare makulli na jefa a aljihu, na fito na ɗaga bonet. Zafi ya bugo ni da warin fetur. Na taɓa kwayil, na janye hannu da sauri. Kamar dutsen guga.

Kwaɗi sun fara kuka a ramin. Injin yana ƙas, ƙas, yana hucewa.

Ga yadda muke gwada wuta, ni da Sadiƙ. Aikin mutum biyu ne. Ni zan kwance fulogi, in cusa shi a wayarsa, in jingina shi a jikin inji. Sai in ce, "Buga!" Shi kuma daga kan sitiyari ba ya taɓa murza makulli sai ya ce, "Hannunka, Yaya." Sai na amsa, "Na ɗauke," sannan ya yi bisimilla ya buga. Wutar kwayil ta taɓa kama ni muna sabon shiga, ya ga yadda na faɗi, tun daga ranar bai taɓa tsallake kalmar nan ba. Ko ana ruwa, ko muna faɗa ba ma yi wa juna magana.

Na kwance na farko. Na goge shi da burushin ƙarfe, na hura, na cusa a waya, na jingina. Hannuna ke aikin, hankalina yana can gida wajen tuwon da ke hucewa a gaban Inna.

Ban yi bisimilla ba. Ban ma san bakina ya buɗe ba.

"Buga!" na ce.

Inji ya juya.

Na ga tartsatsi a bakin fulogin, ja, mara ƙarfi. Ɗaya, biyu, uku. Sai ya tsaya.

Kwaɗin suka yi tsit gaba ɗaya.

Na tsaya a sunkuye. Bonet ya tare tsakanina da gilashi, ba na ganin cikin motar. A hankali na kai hannun hagu kan aljihuna. Makullin yana nan. Na ji shi ta cikin yadi, da ɗan zoben da ke jikinsa.

Motar ta ɗan nutsa ta gefen direba, kamar yadda take yi in mutum ya gyara zama.

"Akwai wuta?"

Ƙasa-ƙasa aka faɗa. Muryar Sadiƙ ce. Da 'yar dishewar nan tasa ta mai yawan shan rake.

Tun muna yara an hana mu amsa muryar da ba mu ga mai ita ba da magariba. Na sani sarai. Amma wata biyar ban ji muryar nan ba.

"Akwai," na ce. "Amma ja ce."

"Bar ta haka. Za ta kai mu."

Wani wari ya taso ya danne na fetur. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin ta can ƙasa, wadda aka tono yanzu.

"Ka gaji, Yaya."

Idona ya cika.

"Ka gaji. Rufe bonet ka zo ka zauna. Ni zan ja."

Ƙofar gefen fasinja ta yi ƙara ta buɗe. Ƙofar nan hannunta na waje ya karye tun bara, sai daga ciki take buɗewa. Ina ganin bakinta ta gefen bonet, tana lilo a hankali.

Kujerata ce. Shekara goma sha ɗaya a nan nake zama, in ɗora ƙafa, in ja hula kan ido, in farka a ƙofar gida. Ba zan ɓoye ba: ban ji tsoro a lokacin ba. Daɗi na ji. Na ce a raina, ko na minti goma ne, wani ya karɓe ni.

"To," na ce. "Bari in mayar da fulogin."

Na kai hannu na damƙe wayar.

Aka buga.

Wutar ta shiga ta yatsuna ta fita ta haƙora. Ta yi jifa da ni, ƙeyata ta daki ƙarfen bonet, na zube a taɓo. "Innalillahi!" Kalmar da kanta ta fito daga bakina.

Ina kwance sai abin ya faɗo mini.

Ba a ce "hannunka" ba.

Ba a ce da farko ba. Ba a ce yanzu ba.

Daga inda nake ina hango ƙarƙashin motar. Ruwa na ɗiga daga ƙofar direba. Ɗis. Ɗis. Ja, kamar na ramin.

"Tashi mana," in ji muryar. Yanzu ba dishewa. "Saminu."

Ƙanena bai taɓa kiran sunana gatsal ba, har ya koma ga Allah.

Na ja jiki da baya. Na miƙe. Takalmi ɗaya ya maƙale a taɓo, na bar shi.

Na ruga.

A bayana motar ta tashi. Fulogi ɗaya a waje, makulli a aljihuna, ta tashi lafiya lau, ba tari, ba rawa. Bonet ya rufe da ƙarfi. Fitilu suka kama, inuwata ta miƙe a gabana doguwa.

Na ji an sa giya.

Na faɗa cikin rake.

Ganye na yankar fuskata. Ƙafata na nutsewa. Ina son in karanta Ayatul Kursiyyu, farkonta kawai ke zuwa, sai in koma in sake.

Aka danna hon. Biyu a jere, sannan ɗaya. Yadda Sadiƙ ke yi wa Inna a ƙofar gida.

Ƙafafuna suka tsaya da kansu.

"Yaya." A hankali. Ba daga hanya ba. Daga cikin raken, dab da kunnena. "Ni kaɗai za ka bari?"

Na toshe kunnuwa. Na sa kai gaba.

Ban san iya gudun da na yi ba. Can na tsinkayi lasifika, nesa, liman yana Fatiha. Na bi sautin ina faɗuwa ina tashi, har na ɓullo bayan wani ɗan ƙauye. Na zube a ƙarshen sahu, jikina duk taɓo da jini.

Da aka sallame suka kewaye ni. Wani dattijo ya kore su, ya tsuguna, ya ba ni ruwa a buta. Na faɗa masa abin da zan iya faɗa.

"Ka amsa masa?"

"Na amsa, Baba."

"Ka shiga?"

"A'a."

"To je ka gida, ɗana. Akwai mai jiranka, ko?"

A babur aka kai ni. Na tarar da Inna a zaure, tuwonta a rufe. Na ce mata mota ce ta lalace, na faɗi a rake. Ta dubi ƙafata mara takalmi. Ta buɗe kwanon ta turo mini, muka ci tare.

Da hantsi muka je da Zulkifilu da mai tarakta. Motar ba ta inda na bar ta. Tana cikin ramin, ta kifa ta gefen fasinja, ruwa ya shanye kujerata har sama da inda kan mutum ke kaiwa. Kujerar direba a bushe take. Fulogin da na kwance yana kan hanya, a tsaye, kamar an ajiye shi da hannu.

Zulkifilu mai surutu bai yi wasa ko ɗaya ba a ranar. Kwana uku ya yi yana busar da ita. Ya sa fulogi huɗu sababbi da kwayil da wayoyi. Ya tara tsofaffin a tafin hannu ya tambaye ni ko in ajiye. Na ce ya zuba su cikin tarkacensa.

Tun daga nan bugu ɗaya take tashi. Yatsuna biyu na dama har yau ba sa jin zafi ko sanyi. Ba na ƙara bin fadamar, kuma la'asar ba ta samuna a hanya in da hali.

Sai dai gajiyar ba ta tafi ba. Wani lokaci ina tuƙi ni kaɗai, sai in ji gefena ya yi nauyi, in kasa juyawa in duba. Don haka na daina tafiya da kujerar nan a wofi. Duk wanda na gani a bakin hanya, tsohuwa mai ƙwaryar nono, manomi da fartanyarsa, malami da buzunsa, sai in tsaya in buɗe masa daga ciki. Ba na karɓar ko sisi.

Daga Makarfi har Ikara yanzu an san ni da haka. Suna cewa Saminu sadaka yake yi wa ɗan'uwansa, Allah Ya kai ladan kabarinsa.

Nakan ce amin. Ban taɓa gyara musu ba.