Alhamis ta Ƙarshe a Chacchoben

A gindin babbar dalar duwatsu ta kufan Chacchoben Wilmer ya fara ganinta, yana ƙirga fasinjojinsa karo na uku, gumi na karyo masa. Arba'in ya sauko da su daga jirgin ruwa, yanzu ɗaya ta ɓace.

"Tsohuwar mai jar hula kake nema?" in ji wata budurwa mai farar riga. "Tana bayan wurin bautar can, tana kallon birai. Kai da ganinka ka fi ta ɓata."

Yatzil kenan, mai zagayawa da baƙi cikin kufan. Shi kuwa ɗan Honduras ne, aikinsa raka fasinjoji duk inda jirgi ya tsaya.

Daga nan soyayya ta ƙullu tsakaninsu. Duk Alhamis jirgin ke zuwa tashar Mahahual. Awa biyu suke samu, rabi ma na baƙi ne. Sauran kwanakin sai waya.

"Hasken idona, yau ruwa ta ko'ina, ni kuwa ƙishinki nake ji."

"Ka sha na tekun mana, sarkin daɗin baki."

Mahaifinta, Don Feliciano, manomin abarba, ya ce atafau ba zai ba shi ita ba. Mijin babbar 'yarsa ma jirgi ya bi, shekara bakwai ko labarinsa.

Sai ga Efraín, direban motar baƙin, wanda ya daɗe yana neman Yatzil. Ya nuna mata hoton Wilmer yana rawa da wata baturiya. Mako uku ba ta ɗaga wayar Wilmer ba, kuma ta sauya ranar aikinta.

Alhamis ta ƙarshe ta zo. Daga ranar jirgin zai koma Turai wata shida. Da motar ta tsaya a tsohon cocin ƙauyensu Yatzil, Wilmer ya same ta a ciki tana gyara furanni.

"Yatzil, rawar nan aiki ce. Duk daren bikin kyaftin ɗin jirgi sai an sa mu. Matar ma mijinta ne ya ɗauki hoton."

"Me ya hana ka faɗa min tun farko?"

"Kunya. Ban so ki san har rawa ake sa ni ba."

Efraín ya danna hon. Ƙarfe uku da rabi, jirgi zai tashi biyar, ga tafiyar awa guda. Wilmer ya cire katin aikinsa daga wuya, ya tsallaka titi inda Don Feliciano ke sauke abarba.

"Baba, ba zan koma ba. Na bar aikin saboda ita."

Dattijon ya kalle shi, ya kalli tsofaffin da ke leƙowa ta tagogin mota.

"Su wa ka bar wa waɗancan?"

Wilmer ya waiwaya ya dubi motar.

"Ka kwaso mutane arba'in ka zubar a hanya, sannan in ba ka tawa guda ɗaya? Mai da abin nan wuyanka. Ka gama wa'adinka. In ka dawo, ka zo da mahaifiyarka."

Motar ta fara motsi. Da gudu Wilmer ya cim mata, ya buga ƙofar sau biyu kafin Efraín ya buɗe. Yatzil tana ƙofar coci, ba ta ɗaga masa hannu ba. Sai da suka kusa gaɓa saƙonta ya shigo.

"In ka yi irin ta mijin yayata, ban yafe ba. Ina jiranka, rabin raina."

Wata shida Don Feliciano bai ambaci sunan Wilmer ba. A Nuwamba motar haya ta tsaya a ƙofar gidansa, Wilmer ya fito yana riƙe da hannun wata tsohuwa da tafiyar kwana biyu ta kumbura wa ƙafa.

Dattijon ya daɗe tsaye. Can ya cire hularsa, ya jawo mata kujera da kansa.

A cocin nan aka ɗaura auren, aka ci talotalo da baƙar miya har yamma. Da ango da amarya suka durƙusa gabansa, ya dafa kawunansu.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, 'ya'yana. Allah ya ba ku zuri'a ta gari."