A Ce Wani Mutum

Mai Tabarau mutum ne da bai taɓa yin magana biyu ba. Shi da kansa ya faɗa, yana kishingiɗe a falo da waya a kan tumbi, kofin shayi a gefensa. Ya ce tun da ya yi wayo, abin da bakinsa ya furta shi ƙafarsa take bi, ko a mafarki aka tare shi da tambaya, amsar da zai bayar ita ce wadda zai bayar a farke. Ya ƙara da cewa a makon nan kaɗai ya kayar da wani farfesa a muhawara, har mutumin ya kira shi yana kuka, yana roƙon ya karɓi digirinsa ya riƙe.

Umma, matarsa, tana guga a kan tebur. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta tambaye shi shin farfesan nan shi ne wanda ya yi kuka bara, ko kuwa ƙanensa ne. Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda take aikin gwajin jini a wani asibiti, ta ƙyalƙyale da dariya har ta ƙware. Ya ce su yi ta yi, ai akwai inda aka san darajarsa.

Wurin kuwa shi ne Zauren Tunani, wani gurup na waya da ya buɗe da hannunsa, shi ne kuma adimin. A nan ake tafka muhawara kan abubuwan da ba sa cika ciki: mene ne hankali, a ina yake zaune a jikin mutum, shin wanda ya yi alheri don a gani ya yi alheri kuwa? Akwai malamai, akwai direbobi, akwai wata mai sayar da turare da ba ta taɓa yarda da maganar kowa ba. Kowa da sunansa na aro, shi ana ce masa Ma'auni, ko da yake ɓuyar tasa ba ta yi nisa ba, don hoton shagonsa na tabarau ya liƙa a matsayin fuskarsa. Dokar zauren ɗaya ce, shi ya kafa ta: ba a cewa "ni". Duk mai damuwa sai ya fara da "A ce wani mutum". Kowa ya san wani mutum ɗin shi ne mai rubutun, amma sai a kau da kai, don bawan Allah ya samu ya zazzage cikinsa ba tare da an ga idonsa ba.

Wata rana wani yaro mai sunan Ɗan Tambaya ya rubuto. A ce wani mutum yana da uwa da tsufa ya tafi da tunaninta. Shi yake ba ta abinci a baki, shi yake yanke mata farce, amma kullum sai ta tambaye shi ɗan gidan wa ne. Shin har yanzu uwarsa ce ke zaune a ɗakin, ko uwar ta riga ta tafi ta bar masa jiki?

Mai Tabarau yana shago a lokacin, yana ɗaure wani firam ɗin tabarau da ɗan mitsitsin sukudireba. Ya ajiye, ya bar mai kayan a tsaye, ya hau rubutu da yatsa ɗaya. Ya ce mutum ba tunaninsa ba ne kaɗai, uwa tana nan a cikin hannun da ya raine ka ko da hannun ya manta. Ya ce ciwo ba tabo ba ne. Ya rufe da cewa ɗan da ya riƙe irin wannan uwa, duk mai 'ya ya rufe ido ya ba shi. Aka yi ta zubo masa laik, mai turare ma ta ce yau kam ta yarda. Ya karanta wa mutanen shago amsar, ya karanta wa mai gadi, ya koma gida ya karanta wa Umma har ta ƙona wuyan riga.

Ba a daɗe ba Auta ta ce akwai mai son zuwa gaishe shi. Yaron ya zo da yamma, malamin lissafi ne a wata sakandare, dogo, mai sanyin murya, ya zauna a ƙasa duk da an nuna masa kujera. A asibiti suka haɗu da Auta, wurin kai mahaifiyarsa gwaji. Bai yi wata kwana-kwana ba, ya ce ba ya son a ji a bakin wani, mahaifiyarsa tana fama da ciwon mantuwa, kuma duk wadda zai aura tare za su zauna. Sannan ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce gaskiya da ba zai taɓa samun ƙarfin halin zuwa ba, ba don amsar da Baba ya ba shi a zaure ba. Shi ne Ɗan Tambaya.

Mai Tabarau ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce wa yaron ya je, za a neme shi. Ƙofa na rufuwa ya ce maganar nan a binne ta a nan.

"Abba, kai fa ka rubuta," in ji Auta. "Ka ce duk mai 'ya ya rufe ido..."

"Wani mutum na rubuta wa. Ke wani mutum ce? Ke 'yata ce."

Ta ce masa ciwon tsufa ne, kowa yana iya gamuwa da shi. Ya ce ita jini take gwadawa, shi ido yake gwadawa, don haka ya fi ta hangen nesa. Ba zai haɗa zuri'a da gidan mahaukata ba, a haifo masa jikokin da za a riƙa tsintowa a bola. Auta ta durƙusa ta kama ƙafarsa tana cewa filis Abba, don Allah, ya janye ƙafar, ya ce wa Umma ta kwashe 'yarta daga gabansa, tana tare masa fanka.

Amma abin ya tsaya masa a rai, don shi mutum ne da ba ya jin daɗin zalunci sai an tafa masa. Sai ya kai ƙara zaure. A ce wani mutum yana da 'ya mai ilimi, sai wani da ke da taɓin hankali a danginsu ya zo nema, shin hankali bai ce a kare zuri'a ba? Ya zauna yana jiran laik. Abin da ya fara shigowa tsohuwar amsarsa ce, wani direba ya dawo masa da ita ba ƙari ba ragi. Ya cire direban daga gurup. Wani malami ya sake turo ta, ya cire shi. Mai turare ta tambaya ko an sace wayar Ma'auni ne, ita ma ta bi su.

Da ya ga hujja ta ƙare, sai ya aika Gwaggo, yayarsa, wadda ba ta da aikin da ya fi shiga gidajen mutane. Ta je gidan yaron da sunan gaisuwa lokacin da yake makaranta. Ta samu tsohuwar a zaune a tsakar ɗaki, kai babu ɗankwali, shinkafa ta manne mata a haɓa, tana rarrashin matashin kai kamar jariri. Gwaggo ta ɗaga waya ta ɗauka. Kafin la'asar hoton yana cikin Zauren Tunani, a ƙasansa Ma'auni ya rubuta: "Ga uwar wani mutum ɗinku. Mai 'ya ya fito ya bayar."

Ko laik ɗaya bai samu ba. Sai sunaye suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, wane ya fita, wance ta fita, har zauren ya koma daga shi sai wasu da datarsu ta daɗe da ƙarewa.

Washegari malamin lissafi ya zo shago. Akwai mutane a kan benci suna jiran a gwada musu ido. Ya gaishe shi har ƙasa, bai yi zancen Auta ba ko kaɗan.

"Baba, hoton kawai na zo roƙo a goge. Ba ta san an ɗauke ta ba. Da tana cikin hayyacinta, ko ni ba na ganin kanta a buɗe."

Mai Tabarau ya dubi mutanen benci, ya ga ya samu 'yan kallo. Ya nuna wa yaron allon haruffan da ke jikin bango, ya ce ya karanta masa layin ƙasa, a gani ko shi ma abin ya fara taɓa shi. Ya yi dariya shi kaɗai. Wata mata ta miƙe ta ɗauki jakarta ta fice. Idon yaron ya kaɗa, ya ce Allah ya huci zuciyar Baba, ya juya.

Daga ranar gidan ya mutu. Auta tana zuwa aiki tana dawowa, tana kawo masa shayi a kan lokaci, tana gaishe shi da ladabi, amma dariyarta ta tafi, kayanta suka fara yi mata yawa. Ƙawayenta suka ce ta tattara ta bar gidan, ai tana da albashinta. Ta ce ba za ta shiga gidan miji ta bayan ubanta ba, shi ma yaron ya ce ba zai karɓe ta ta nan ba. Mai Tabarau ya yi ta jawo mata 'ya'yan abokai, tana fitowa ta gaishe su ta koma. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Umma ta daina tanka masa. Ya ba da labarin yadda ya taɓa gyara wa wani makaho ido da gilashin karatu, ta ce to, ta ci gaba da ninke kaya.

Hoto kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Ya bi wayoyin dangi har ya isa hannun Baffa, babban wansu, tsohon da ya bar aiki ya koma kiwon tantabaru, wanda ba ya zuwa gidan kowa sai da dalili. Ya zo da hantsi, ya ƙi zama, ya sa aka kira Umma da Auta da Gwaggo. Ya ɗaga wayar ya tambayi ƙanensa ko ya tuna shekarun ƙarshe na mahaifinsu.

Mai Tabarau ya ce ƙwarai, ai marigayi keɓe kansa ya yi don ibada.

"Ibada," in ji Baffa. "Mutumin da muke kamowa a bakin titi ba takalmi, yana neman uwarsa da ta rasu tun muna yara? Kai ka ƙirƙiro zancen ibadar don kunya, ka kulle shi a ɗakin baya, ko leƙawa ba ka yi. Wa ke wanke shi?"

Umma ta dubi hannuwanta.

"Auta tana goye a bayana nake yi," ta ce a hankali. "Ya kan kira ni da sunan ƙanwarsa. Ban taɓa jin na auri ɗan mahaukaci ba, sai ranar da na ga hoton nan."

Baffa ya ce in dai a jini abin yake, to yana cikin tumbin nan da ke gabansa, kuma yaron ne ya kamata ya yi bincike. Ya ce ya je gidan da ƙafarsa, ya ga ɗakin tsohuwar fes, ya ga yadda ɗanta yake tsefe mata kai. Shi ne babba a gidan nan, shi zai ba da Auta, wanda bai yarda ba ya buɗe gurup ya kai ƙara. Gwaggo ta fara cewa ita aike ta aka yi, ya ce ta bari sai an tambaye ta. Auta ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa, Umma ta rungume ta.

Aka ɗaura aure. Auta ta tare, tsohuwar kuma ta ɗauke ta a matsayin wata ƙawarta ta ƙuruciya, kullum da safe sai ta yi murnar zuwanta kamar yau ta fara ganinta. Haƙurin da yaran nan suka yi bai tafi a banza ba, sun samu juna ba tare da sun taka kowa ba. Kuma duk mai son sanin halin mutum, kada ya tsaya ga abin da yake rubuta wa baƙi a waya, ya jira ranar da maganar za ta shigo falonsa ta zauna.

Shi kuwa Mai Tabarau, kwana kaɗan ya yi yana jinyar kunya, bakinsa ya warke. Wata safiya wata dattijuwa ta shigo shago tana gwada firam, ya lura tana sauraro, sai ya gyara zama. Ya ce mata auren 'yarsa da ake ta zance, duk shirinsa ne, gwaji ne na masu zurfin tunani, ya gasa yaron ne don ya ga ƙarshen haƙurinsa. Ya ce surukar tasa kuwa, duk duniya ba ta gane kowa sai shi. Duk mako sai ya je, ga ciwon gwiwa, amma haka yake daurewa ya hau benen nan har sama, ya ba ta abinci da hannunsa.

Dattijuwar ta cire firam ɗin, ta ninke shi, ta ajiye a kan kanta.

"Ikon Allah," ta ce. "Ni ƙanwarta ce, a gidan nake kwana. Yaushe aka yi mana bene?"