Waken da Ya Zama Tumatir

"Malama... wakenmu ya zama tumatir."

Ɗalibata, shugabar ƙungiyar kimiyya, ce ta faɗa. Na ratsa ta gefenta na ƙarasa bakin tagar ɗakin gwaji, inda tukwanenmu suke jere layi uku. Layin farko lafiya lau. Na biyu ma haka. Na ukun da muka bari kafin hutun ƙarshen mako ya yi rawaya, ya lanƙwashe, wasu ma sun bushe ƙayau, shi ne yau ya yi kore shar a cikin sababbin tukwane masu ƙyalli. Har da ɗan fure.

Gobe kuma baje kolin kimiyya na makarantu.

Na waiwaya. Yana tsaye a bakin ƙofa, kyamara rataye a wuya, yana murmushin wanda ke jiran a yi masa godiya.

"Kin gani, zinariyata? Na ce ba zan bari ki ji kunya ba."

Ni dai ba na ɓoyewa, Allah ya yi ni da saurin gane sakarci, kuma na raina mutane da dama a rayuwata. Amma ban taɓa jin raini ya cika min ciki irin na safiyar nan ba, kuma ga mutumin da nake shirin aure.

Bari in faɗa muku abin da ya ɓata.

Tun farkon zango na gaya wa 'yan matana cewa duk wadda ta kawo min zancen dutsen kwali mai aman kumfa, irin wanda kowace makaranta ke jajibowa duk shekara, ta nemi wata malamar. Tambaya nake so, ta gaske, wadda ba mu san amsarta ba. Suka yi ta kawo shirme, har wata ƙarama a cikinsu ta ce a gidansu ana juye ruwan wanki a gindin shuka, ko yana cutar da ita? Na ce yauwa, yanzu aka yi magana.

Muka tsara komai. Tukwane iri ɗaya, ƙasa daga buhu ɗaya, wake daga gwangwani ɗaya, taga ɗaya, ruwa da kofin awo ɗaya. Abu guda kaɗai muka bambanta: irin ruwan. Layin farko ruwan famfo, don mu samu abin kwatantawa. Na biyu ruwan ɗauraya. Na uku ruwan wankin farko, mai kumfar nan mai kauri. Kowace tukunya muka manna mata takarda da lambarta. Yaran da ke ƙyamar ƙasa saboda farce, sai ga su kullum lokacin hutu a durƙushe da rula suna aunawa, suna faɗa kan wa ta karanta daidai. Ranar da layi na uku ya fara mutuwa har tsalle suka yi, don mutuwarsa ita ce amsar da muke nema.

Shi kuwa mai hoto ne, yana da shago a bakin titi. Sana'arsa gyara. Kawo masa mai kuraje ya mayar da fuskarta kamar faranti, kawo mai tumbi ya rage masa rabi. Hoton farko da ya yi min, na katin aiki, sai da ya goge tabon da ke haɓata. Na koma na ce ya mayar min da kayana. Ya yi ta dariya har da riƙe teburi, kuma kaicona, daga dariyar nan na faɗa sonsa. Yana da taushin zuciya, ba ya iya ganin ran mutum a ɓace. A lokacin na ɗauka alheri ne zalla.

Gidanmu ba su taɓa na'am da shi ba. Umma ta ce duk mazan duniya sai mai cewa mutane su yi murmushi? Baba bai damu da sana'a ba, abin da ya tsaya masa shi ne har yau babu wani nasa da ya tako ƙofarmu, kuma ya ce in zangon nan ya ƙare ba su zo ba, a rufe maganar. Ni ce mai kare shi. Ina nuna musu turare da yadin da mamansa ke aiko min, da gaisuwa mai daɗi. Zuwa dai ne bai yiwu ba: yau ta yi tafiya, gobe ƙafa ta matsa mata.

To shi na roƙa ya riƙa zuwa yana ɗaukar hoton tukwanen don allon da za mu kafa. Ni na kawo shi da hannuna.

Na sallami yaran, na tambaye shi ina tukwanena. Ya ce ya zubar a juji, ai sun mutu. Na tambaye shi wa ya buɗe masa ɗakin. Sai ya fara inda-inda, ya ce Zuma ce ta kira shi ta ce shukata ta lalace, ina ta kuka a ɓoye, kuma in alƙalai suka ga matattun tsirrai za a yi min dariya gaban kowa. Ita ta karɓo mabuɗi ta buɗe masa.

Zuma malamar lissafi ce, 'yar aminiyar mamansa. A ɗakin malamai muka sa mata sunan, saboda ba ta yi maka magana sai da "ranka ya daɗe" da karya wuya, kana juya baya ta yanka ka. Ita ma tana da yara a gasar. Kun san me suka yi? Dutsen kwali mai aman kumfa.

"Ni? Kuka?" na ce. "Ka taɓa ganin na yi kuka a kan wake?"

"Rabin raina, don ke na yi..."

"Ba ka ma san wake ba. Mutum da gemunsa, ya je wajen mai furanni a ɗora masa tumatir ya biya ya yi godiya."

Na ce ya kawo hotunan, ko su sa cece mu. Ya miƙo ambulan. Ina buɗewa na ji dariya ta taso min, irin wadda ba ta da daɗi. Duk ganyen da ya yi rawaya ya mayar da shi kore. Wanda ya lanƙwashe ya miƙar. Aikin yarana na zango guda, ya bi shi ɗaya bayan ɗaya ya shafe kamar kurajen amarya.

Sai ga ƙamshin turare, sai ga Zuma ta leƙo. Ta dafe ƙirji ta yi salati, ta ce ayya, ita fa taimako ta yi nufi. Sannan ta shinshina iska ta kalle ni ta ce turaren nan ya karɓe ni, ta san zai karɓe ni, shi ya sa ta zaɓa masa shi a kanti.

"Mama ce ta aiko min," na ce.

"Wace Mama?" Ta rufe baki da yatsu. "Au... bai gaya miki ba?"

Na kalle shi. Ya kalli takalminsa.

A nan na gane ba tukwanena kaɗai aka musanya min ba. Na cire zoben da ya ba ni na ajiye cikin tukunyar tumatir, na ce ya kwashe kayansa duka, shi da furensa.

"Ni matacce nake so in matacce ne. Ka je ka gyara wata."

Da rana na tara yaran. Wata ta ce mu cire layi na uku gaba ɗaya. Wata, mai wayon banza, ta ce mu samo wake mu ƙona shi da ruwan zafi, wa zai sani? Na ce ni zan sani, kuma in ta sake faɗa za ta share ɗakin gwaji har ta gama makaranta. Za mu je da layi biyu da awonmu, mu bar gurbin na uku fayau, duk wanda ya tambaya mu ce wani mai son mu ne ya taimake mu.

A gida Umma ta ga yatsana babu zobe. Ta ce alhamdulillahi da ƙarfi yadda zan ji. Na shiga ɗaki na rufe, kuma tunda gaskiya nake faɗa, na yi kukan. Ba a kan wake ba. Ina son sakaran nan, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Washegari zauren ya cika maƙil, tebura jere, yara cikin kayan makaranta kala-kala. Na ƙirga duwatsun kwali har na gaji. Na Zuma ya fi kowanne girma, an yi masa fenti har da 'yan bishiyoyi, ita kuma tana gefe tana karya wuya wa alƙalai. Teburinmu kuwa kamar bakin mai giɓi.

Alƙalan saura tebur biyu su iso mu sai na ji mutane suna darewa, ana toshe hanci.

Shi ne. Farar rigarsa ta koma kalar da ba ta da suna, takalmi ɗaya ya yage, yana rungume da kwali. Ashe motar shara ta riga shi kwashe jujin makaranta, sai da ya bi ta har inda ake juyewa a bayan gari ya yi ta tono. Ya dire kwalin. Tukwanenmu ne, biyu sun fashe, amma takardun lambar na nan manne, da matattun wakenmu a ciki, munana, abin sha'awa. Ya ɗora wani ambulan a kai: hotunan asali, rawaya rawaya, ko ɗigo bai taɓa ba.

Yaran suka yi kansu kamar an raba alawa. Ni ban motsa ba.

"Wannan na yara ne," na ce. "Ni ba ka kawo min komai ba."

"Na kawo."

Ya matsa gefe. A bayansa wata dattijuwa ce tsaye, gajera, da tabarau, fuska a murtuke, ƙafafunta kuwa garau, babu alamar ciwo.

"Mama ce," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ba ta taɓa aiko miki da komai ba. Ba ta taɓa gaishe ki ba. Ni nake saye, ni nake ƙirƙira. Na ce ta zo ta faɗa miki da bakinta, ko me za ta faɗa."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan tabon haɓata.

"Ba na son ki," ta ce. "An ce min bakinki ya fi almakashi, kuma kin raina kowa."

"Gaskiya aka faɗa miki, Mama."

"Kuma ina da wadda na zaɓa masa."

"Na san ta. Ga ta can, dutsenta na amai."

Wani abu ya motsa a gefen bakinta, ta yi maza ta danne. Ni kuwa, Allah ya sani, tun da na san ɗanta ban taɓa samun kyauta daga gidansu mai daɗin wannan "ba na son ki" ɗin ba. Ita ce ta farko da ba a goge ba.

Alƙalai suka iso. Ƙaramar nan mai tambaya ta yi bayani tiryan-tiryan, ta nuna awo, ta nuna hotuna, ta ce ruwan ɗauraya bai hana wake girma ba amma na wankin farko ya kashe shi. Da aka tambayi dalilin fashewar tukwane ta nuna shi da yatsa ta ce wancan ne ya zubar, don yana son Malama. Zauren ya kwashe da dariya. Ya tsaya ya shanye, bai gyara komai ba.

Na biyu muka zo, an rage mana maki saboda gwajin ya katse a ƙarshe, kuma daidai ne. Dutsen Zuma ko ambatonsa ba a yi ba. Mama kuwa na ji ta tana tambayar yarinyar, a fakaice, wai to ruwan wanke-wanke fa? Yarinyar ta ce ba mu gwada ba, ba za ta faɗi abin da ba ta sani ba. Tsohuwar ta ce hm.

Da aka watse ya zo ya tsaya nesa kaɗan, saboda warin. Ya buɗe tafin hannunsa, zoben na ciki da ƙasa a jikinsa.

"Zinariyata... ban san ko Mama za ta yarda ba. Ba zan ce miki za ta yarda ba."

"Ka fara hankali," na ce. "Je ka yi wanka. Kuma kada ka wanke zoben, haka nake son sa."

Kafin zango ya ƙare suka zo gidanmu, ita da ƙannen mahaifinsa. Ta gaya wa Umma a fuska cewa ba zaɓinta ba ce ni, Umma ta ce ita ma ɗanta ba zaɓinta ba ne, daga nan suka fahimci juna.

Hoton aurenmu na rataye a falo. Abokinsa ya ɗauka, shi ya wanke, ina tsaye a kansa. Tabona na nan, ga wani ƙurji da ya zaɓi ranar ya fito min a goshi, ga Mama a gefe ta haɗe rai kamar an kawo ta dole. Wani lokaci nakan kama shi tsaye gaban hoton, yatsunsa na motsi.

Sai in ce, "Taɓa ka gani."