Wa Zai Ga Fanka?

A wani gari an yi wani saurayi da ya tara 'yan kuɗinsa don ya haɗa ƙaramar kwamfutar wasa, mai gudu kamar barewa.

Ya je shagon Malam Tanimu, ya zaɓi ɗan akwatin kwamfuta na gilashi da fitilu ja da kore.

Malam Tanimu ya ce, "Samari, ƙaramin akwati zafi gare shi. Sayi fanka mai kyau da ragowar kuɗin, ka sa a cikinsa."

Saurayi ya ce, "Baba, wa zai ga fanka?" Ya ƙaro fitila.

"To, man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar kwamfutar don ta huce fa?"

"Wa zai ga mai?" Ya ƙaro fitila.

Ranar da ya gayyato abokansa, ɗaki ya haskaka kamar gidan biki. Ana fara wasa kwamfuta ta ɗau zafi, ƙauri ya tashi, allo ya yi baƙi ƙirin. Fitilu kuwa sai walƙiya suke.

Kakarsa ta leƙo, ta taɓa akwatin, ta ce, "Madalla, maigidana! Murhu ko itace ba ya ci? Matsa in ɗumama tuwona."