Kwanon da Ke Gindin Aduwa

Rana ta yi sanyi sa'ad da Hamoda, wakilin gona, ya aiki Ɗahiru ya kai gangar ruwa can ƙarshen gonar riɗi, inda masu yanka za su kama aiki da sassafe. Aike ne na kullum. Ɗahiru ya ɗora gangar a bayan tarakta, ya bar kambo, wato bukkokin da leburori ke kwana, ya miƙi hanya.

Wanda bai san Gadambaliya ba, ba zai gane irin faɗin nan ba. Gona ɗaya sai ka yi rabin sa'a a kan tarakta ba ka ga ƙarshenta ba. Baƙar ƙasa ta bushe ta tsattsage, riɗi an yanke an jingina dami-dami yana shan iska. Ba gida, ba hayaƙi, ba ko haushin kare.

Shi kuwa Ɗahiru haka yake so. Tun da matarsa Raliya ta rasu, shekara biyu ke nan, zama cikin mutane ya fita daga ransa. Abokin hirarsa ɗaya ne, wani kiɗa na minti bakwai a cikin tsohuwar wayarsa.

Faisal, ƙanen Raliya, shi ya haɗa kiɗan a kwamfuta lokacin da yake karatu a Khartum. Wai sunan irinsa tirif-hof. Ganga ce mai nauyi, tana tafiya a hankali kamar bugun zuciyar wanda ya gaji. A bayanta goge masu yawa suna tasowa tare, irin na fim idan jarumi ya rasa kowa. Sai a minti na uku murya ta shigo. Raliya ce, tana tuyar kisra, wainar dawar nan mai faɗi, tana ɗan rera wani abu a maƙogwaro, ba kalma ko ɗaya, ba ta ma san ƙanen yana ɗauka ba. Har ɗan tarin da hayaƙi ya sa ta yi yana ciki.

Kwamfutar Faisal ta salwanta ranar da suka baro Khartum ba shiri. Saboda haka duk duniya a wayar Ɗahiru kaɗai muryar ta rage. An sha ce masa ya tura wa wani ya ajiye masa, amma fa ina! Muryar matarsa a wayar wani ƙato? Kishi bai bar shi ba.

A kambo kuwa ya sha tsiya. Leburori su ce wannan wane irin kiɗa ne, ba a rawa da shi, ba ya yabon kowa, ai jinya ce kawai. Da Ɗahiru mai iya magana ne, da ya ce kiɗan biki tilasta maka murna yake yi, wannan kuwa zama yake yi kusa da kai ya yi shiru tare da kai. Amma bai iya ba, sai dai ya toshe kunnuwansa ya juya baya.

To, ranar nan tsautsayi, wanda ba ya wuce ranarsa, ya sa igiyar abin jin kiɗan da yake sawa a kunne ta tsinke tun da hantsi. Yini guda bai ji Raliya ba. Da ya sauke gangar ruwa ya juyo, sai ya ce bari ya tsaya ya ji sau ɗaya kafin ya koma cikin masu bakin nan.

Inda ya tsaya, gindin wata aduwa ce, ita kaɗai a tsakiyar gona. Masu huɗa ba sa kusantarta, zagaye ta suke yi su bar mata fili. A gindinta akwai wani tsohon kwanon sha mai tsatsa a baki. Tun farkon damina Hamoda ya nuna masa shi. Ya ce masu wurin sun riga kowa zuwa, kakannin mai gona kuma sun yi yarjejeniya da su: duk kaka ana zuba musu dintsin riɗin farko a kwanon. Malamai ba sa so, shi ma ba ya so, amma haka ya tarar. Ya ce masa, "Ya zol, bawan Allah, abin da ya shiga kwanon nan ya zama nasu. Ka riƙe wannan."

Ɗahiru ya riƙe. Sai dai shi a tunaninsa maganar riɗi ake yi da dawa.

Ya kunna waya, ya ji sautin ya fito siriri, gangar duk ta mutu. Kowane lebura ya san maganin wannan: ka jefa waya cikin kwano, sauti ya yi ƙiba. Ya waiga, ga kwano a kusa da ƙafarsa, ba komai a ciki. Hannunsa ya riga hankalinsa.

Allah sarki, bai taɓa jin kiɗan da daɗi haka ba. Gangar ta cika fili. Gogen suka bazu a kan gona har inda ido ya tsaya, ga rana ta yi ja tana nutsewa. Da Raliya ta shigo, sai ka ce tana bayan itacen da murhunta. Ya jingina da tayar tarakta, hawaye na zuba, bai share ba. Kewa ce ta shekara biyu, ba kuma mai ganinsa.

Kiɗa ya ƙare.

Sai ya sake farawa.

Ɗahiru bai taɓa wayar ba. Ya dube ta daga inda yake. Fuskarta a kashe take, baƙi ƙirin.

Gyare sun yi shiru. Iska ta tsaya cak, amma ganyen aduwa na motsi. Wani wari ya taso, na ƙasar da aka yi wa ruwan fari, alhali rabon wurin da ruwa sati uku.

Sannan ya lura gangar ba daga kwano take fitowa ba. Daga ƙasa take. Daga cikin tsagogin nan. Yana jin ta a tafin ƙafarsa, dum, sai shiru, dum.

Ya ce bismillah, ya matsa, ya miƙa hannu.

"An ba mu."

Raɗa ce, daga ɗaya gefen itacen. Ba ta namiji ba, ba ta mace ba. Kuma ba bakin mutum ɗaya ba ne.

Da ƙyar ya ce, "Kuskure ne. Aron kwano na yi."

"Shekara nawa muna cin riɗi. Ba wanda ya taɓa ba mu irin wannan."

Ya ga gefen wani abu a bayan itacen, a zaune, gwiwoyi sun fi reshen farko tsawo. Kan yana lilo a hankali, yana bin gangar. Bayansa akwai wani. Bayan wannan ma akwai wani. Duk sun yi tsit suna saurare, kamar yadda shi yake yi.

Minti na uku na matsowa. Ya sani, don ya haddace kowane bugu.

"Matata ce," ya ce. "Ita kaɗai ta rage mini."

Raɗar ta sake zuwa.

"Ɗauki naka. Bar namu."

Ya fizgi wayar. Sanyinta ya ƙone masa yatsu. Bai san yadda ya hau tarakta ba. Sau biyu ta ƙi tashi, a na uku ta kama. Ya taka ta, bai waiga ba, bakinsa na karanta duk abin da ya zo masa. Duk da rugugin inji, yana jin murya a bayansa, siririya, tana rerawa.

Sai ɗan tarin nan.

Ana sallame magariba ya faɗo kambo. Hamoda ya dubi fuskarsa, ya dubi yatsunsa, bai tambaye shi komai ba sai abu ɗaya: me ya sa a kwano? Ɗahiru ya ɗaga wayar ya ce ai ya ƙwato ta, ga ta nan. Ya kunna a gabansu don ya tabbatar.

Ganga ta zo. Goge suka zo. Minti na uku ya yi, suka buɗe mata hanya yadda suka saba, ba wanda ya shigo. Kiɗan ya yi ta tafiya da gurbinta a buɗe har ya ƙare. Ranar ba wanda ya yi masa tsiya.

Ya kai wayar wurin masu gyara a kasuwar Gadarif, suka ce lafiyarta ƙalau. Faisal ya saurara, ya rantse ko shi da ya haɗa kiɗan ba zai iya cire murya tsaf haka ba.

Kowa ya ɗauka Ɗahiru ya bar Gadambaliya ke nan. Ina! Damina na faɗuwa ya dawo, ya roƙi Hamoda ya bar masa aikin kai ruwa ƙarshen gona. Masu yanka sun ce sukan hango shi da yamma, tsaye a bakin huɗa, ya ɗaga waya sama tana kiɗa. Idan minti na uku ya yi, daga gindin aduwa murya takan shigo, daidai wurinta, ba ta taɓa makara ba.

Hamoda ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya gaji. Yanzu sai dai in ya bi ta wurin da safe ya duba sawu. Bara, taku ashirin ne tsakanin sawun Ɗahiru da itacen. Bana ya auna, saura huɗu.